Babi na Bakwai: Katiyon Binil, Mai Wuyar Shiga, Mai Wuyar Fita

Duk ɗalibin da aka zana wa wani sinadari a allo aka ce masa, "Wannan ko ƙiftawar ido ba ya kaiwa yake ɓacewa," yana da damar ɗaga hannu ya ce, "To Malam, wa ya gan shi?" Tambayar ba ta rashin kunya ba ce. Abin da ba ya zama a kwalba, ba a ɗora shi a sikeli, ba a jin warinsa, da wace hujja za a ce akwai shi, har a zana kamanninsa a ce nan ya miƙe, nan ya lanƙwasa? Za mu bi wannan tambaya ta kan sinadari guda, wanda aka fara zargin samuwarsa a 1944, amma sai a 2004 aka iya ɗaukar hoton tsarinsa. Sunansa katiyon binil.

Daga ina yake fitowa?

A babin da ya gabata mun ga cewa ƙwayar kabon tana zaune lafiya ne idan tana da ɗauri huɗu, kuma kowane ɗauri ilektoron biyu ne da ƙwayoyi biyu suka yi tarayya a kansu. Idan wani maƙwabci irin su kulorin ko buromin ya ɓalle ya tafi da ilektoron ɗin duka biyu, sai kabon ya rage da ɗauri uku, da gurbi fanko, da cajin fozitif. Shi ne katiyon kabon. Hans Meerwein ya kawo shawararsa a Jamus a 1922, Christopher Ingold da Edward Hughes suka gina masa ƙa'ida a Landan cikin shekarun 1930, George Olah kuma ya tsare irinsu a cikin asid mai tsananin ƙarfi, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1994.

Duk waɗancan katiyon ɗin, kabonsu yana da maƙwabta uku, a baje, digiri 120 tsakanin kowane biyu. Na binil ba haka yake ba. Kabonsa maƙwabta biyu kacal gare shi: ɗaya yana riƙe da shi da ɗauri biyu, ɗayan da ɗauri ɗaya.

Kayan da ake samunsa daga gare su ba baƙi ba ne a wurinmu. Fayif ɗin ruwa na PVC daga binil kulorayid ake yin sa, wato kabon biyu masu tagwayen ɗauri a tsakaninsu, da haidurojin uku, da kulorin ɗaya. A kan takarda, ka cire kulorin ɗin tare da ilektoron ɗinsa, ka sami katiyon binil mafi sauƙin tsari. Akwai kuma hanya ta biyu. Mai walda ko fanel-bita idan ya jefa dutsen kabayid cikin tankinsa ya zuba ruwa, iskar da ke tasowa tana tsuwa ita ce asitilin: kabon biyu masu ɗauri uku a tsakaninsu, kowane da haidurojin ɗaya. Ka ƙara wa asitilin furoton guda daga asid, sai ka sauka a kan katiyon nan dai. Ko a cire daga mai ɗauri biyu, ko a ƙara wa mai ɗauri uku. Kusan duk tarihin da ke tafe bai fita daga waɗannan hanyoyi biyu ba.

Kwalbar da ta ƙi yin fari

Akwai wani gwaji da ɗaliban kemistiri ke yi a jami'a, wanda shi ya daɗe yana ba binil sunan taurin kai. Ana jera kwalaben gwaji uku, kowace da ruwan gishirin azurfa da aka narkar a cikin etanol. Azurfa tana da kwaɗayin kulorin, da zarar ta same shi a sake sai su haɗu su zama wani farin gari da ba ya narkewa. A kwalba ta farko a ɗiga sinadarin da kulorinsa ke kan kabon mai maƙwabtan kabon uku: kafin ka ajiye abin ɗigawa ruwan ya yi fari fat. A ta biyu a ɗiga wanda kulorinsa ke ƙarshen sarƙa: sai an jira, sau da yawa sai an ɗan ɗumama, sannan hazo ya fara bayyana. A ta uku a ɗiga ɗan gidan binil. Ka girgiza, ka ɗumama, ka je ka ci abinci ka dawo, ruwan yana nan garau.

Malamai suna ba da dalilai, kuma dalilan gaskiya ne. Ɗaurin da ke tsakanin kabon da kulorin a binil ya fi gajarta da ƙarfi, kusan fikomita 173, alhali a sinadarin da ba shi da tagwayen ɗauri kusan 179 ne. Kabon mai maƙwabta biyu kuma ya fi riƙe ilektoron kusa da zuciyarsa, don haka rashinsu ya fi yi masa ciwo. Wani zai ce, ai ga tagwayen ɗauri nan a gefensa cike da ilektoron, me zai hana su cike masa gurbin? Abin da ya hana shi ne fuskar da gurbin ya kalla. Ilektoron ɗin ɗauri na biyu suna sama da ƙasan ƙwayar ne, shi kuwa gurbin yana kallon gefe, digiri 90 a tsakaninsu, ba sa haɗuwa.

Daga nan ne littattafai suka yanke hukunci cewa katiyon binil ya yi tsadar da ba za a iya biya ba. A 1944 Thomas Jacobs da Scott Searles a Kalifoniya suka lura da yadda wasu dangin asitilin ke shan ruwa a cikin asid, suka ce da alama ta kansa ake bi. Maganar ta zauna a matsayin zato kusan shekara ashirin.

Hujjar Basel

A 1964 Cyril Grob da abokin aikinsa Cseh, a Jami'ar Basel da ke Switzalan, suka tunkari matsalar da wata dabara da ya kamata mai karatu ya fahimta sosai, domin ita ce amsar farko ga ɗalibin nan mai ɗaga hannu.

Sun ɗauki sinadarin binil wanda kabonsa mai buromin yake kuma riƙe da zoben benzin, zoben nan mai kabon shida. Suka dafa shi a cikin etanol mai gauraye da ruwa, suna auna saurin fitar buromin. Sannan suka riƙa sauya abin da ke maƙale a can ɗaya ƙarshen zoben. Wasu ƙungiyoyin ƙwayoyi, irin su metoksi, suna turo ilektoron cikin zobe. Wasu, irin su naitiro, janyewa suke yi.

Ga lissafin. Idan buromin da kansa yake ɓallewa ya bar kabon da cajin fozitif, to duk abin da zai turo wa kabon ilektoron zai sauƙaƙa ɓallewar, mai janyewa kuma zai hana ta. Idan kuwa wani ne daga waje yake kawo hari ya tunkuɗe buromin, to akasin haka za a gani, kuma ƙara yawan maharin zai ƙara sauri. Da suka auna, metoksi ya ninka saurin sau dubbai. Naitiro ya tsayar da abin cik, ko da an tsananta zafi. Ƙara sinadarin da zai iya kai harin kuma bai sauya saurin ba. Babu wanda ya ga katiyon ɗin da ido, amma an tsara gwajin ta yadda samuwarsa da rashinsa za su ba da sakamako biyu masu karo da juna, kuma agogo ya nuna wanda ya faru.

Masu shakka ba su yi shiru ba. Sun ce mai yiwuwa asid ne ya fara faɗa wa tagwayen ɗaurin, sannan buromin ya fita daga baya, ba tare da an taɓa samun katiyon binil ba. Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, kuma sai da aka zo da hujja ta wani fanni daban kafin a kwantar da shi.

Miƙaƙƙe ne, kuma ya manta gefensa

Tagwayen ɗauri ba ya juyawa. Saboda haka ana iya samun sinadarai biyu masu kayan gini iri ɗaya sak, amma a ɗaya buromin yana wannan gefe, a ɗayan yana wancan, kuma kowane yana zaune a kwalbarsa ba ya rikiɗa ya koma ɗan'uwansa. Zvi Rappoport na Jami'ar Hibru da ke Ƙudus, tare da ɗalibinsa Yitzhak Apeloig, wanda daga baya ya shugabanci jami'ar Technion, suka gwada irin waɗannan biyun a 1969. Kowanne aka fara da shi, abin da ke fitowa a ƙarshe iri ɗaya ne: rabi sabon maƙwabcin ya zauna a wannan gefe, rabi a wancan. Wato a tsakiyar tafiya an ratsa ta wani hali da babu dama babu hagu a cikinsa. Halin da zai ba da haka shi ne kabon ya miƙe sambal, digiri 180, gurbinsa a buɗe ta fuska biyu.

A shekarar nan dai Peter Stang, wanda daga baya ya yi rayuwar aikinsa a Jami'ar Utah, ya shigo da tirifilet a madadin buromin. Tirifilet ƙungiya ce ta salfa da oksijin da fulorin da kabon, wadda ba ta da wahalar ficewa: ta ninka tosilet, wanda aka saba amfani da shi, sau 10,000 zuwa 100,000. Da ita aka iya samar da katiyon binil ko babu zoben benzin da zai tallafa masa, aka kuma sami damar yin gwajin da ni a ganina ya fi kowanne kyau a wannan fage.

In dai gaskiya ne katiyon yana buƙatar miƙewa, to a hana shi miƙewa a gani. Sai aka saka kabon ɗin a cikin zobe. A zobe mai kabon takwas akwai sarari, sauyin yana tafiya da sauri. A mai bakwai ya ragu. A mai shida, inda kusurwa ta matse, sai ya koma tafiyar hawainiya. A mai biyar kuwa katiyon ɗin bai samu ba sam. Maimakon ɗaurin kabon da oksijin ya tsinke, sai na salfa da oksijin ya tsinke, sinadarin ya bi wata hanya daban. Stang da Michael Hanack na Jamus da Paul Schleyer suna cikin waɗanda suka yi wannan aiki. Zuwa 1979 abin da aka tara ya kai a rubuta littafi sukutum a kan katiyon binil, wanda Stang da Rappoport da Hanack da Subramanian suka haɗa.

Na allo da na gaske

Shi kuwa ƙaramin cikinsu, wanda muka ce ana samu daga asitilin ɗin mai walda, ya ci gaba da gagara a cikin ruwa. A Japan, Tadashi Okuyama da Masahito Ochiai sun yi aiki da gishirin ayodoniyom, wanda ya ninka tirifilet kusan sau miliyan wajen saurin ficewa, duk da haka katiyon da kabonsa mai caji haidurojin kawai yake riƙe da shi bai fito ya tsaya da ƙafarsa ba.

Masana a Italiya sun bi ta wata hanya mai ban mamaki, wadda Fulvio Cacace ya ɓullo da ita. Tiritiyom wani nau'in haidurojin ne da ke rikiɗa da kansa ya koma hiliyom, rabinsa a cikin kimanin shekara 12. Hiliyom kuwa ba ya ɗauri da kowa. Ka saka tiritiyom a jikin etilin, ɗan'uwan asitilin mai tagwayen ɗauri, ka ajiye, duk ƙwayar da nata ya rikiɗa, sai hiliyom ya kama gabansa ya bar katiyon, ko kabon ya so ko ya ƙi.

Da Takeshi Oka da ɗalibansa suka auna wannan ƙaramin katiyon a cikin iska a Jami'ar Shikago a 1989, ta hanyar hasken infared, sai ya tabbata cewa ba shi da siffar da ake zana masa a allo. Haidurojin na ukun bai zaɓi kabon ɗaya ba, yana zaune ne a tsakiya, a saman su biyun. A 2024 masu nazarin sararin samaniya suka ba da sanarwar gano shi da na'urorin ALMA da ke ƙasar Cile, a cikin wani gungun taurari da haskensa ya yi kimanin shekara biliyan 7 a hanya. A can babu ruwa, babu cunkoso, babu mai damunsa.

Kamawa

Manyan 'yan'uwansa kuwa an yi ta ƙoƙarin tsare su a duba. Hans-Ullrich Siehl a Jamus ya yi nasarar ganin alamarsu a na'urar NMR, a cikin asid irin na Olah, cikin sanyin da ya wuce digiri 100 ƙasa da sifili. Wani sirri da ya bayyana a aikinsa shi ne amfanin silikon. Idan aka ɗora silikon a kan kabon na biyu, ɗaurinsa yana kwance ne daidai fuskar da gurbin nan yake kallo, don haka yana iya ara masa ilektoron, abin da tagwayen ɗauri ya kasa.

Thomas Müller ya ɗora silikon biyu. Christopher Reed na Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside ya kawo abokin zama mai cajin negatif, wani dunƙule na boron da kabon mai suna kaboren, wanda cajinsa ya bazu ko'ina a jikinsa har ba shi da wani tsini da zai soki katiyon. A 2004, tare da Mark Juhasz, suka fitar da katiyon binil a matsayin ƙanƙarar gishiri da ke zaune a zafin ɗaki muddin babu iska babu danshi, suka haska masa hasken X. Kusurwar ta fito kusan digiri 179. Tsawon ɗaurin kabon da kabon kusan fikomita 122, ya fi kusa da 120 na asitilin a kan 134 na etilin. Abin da aka hango da agogo da kwalaben gwaji shekara 35 kafin nan, sai ga shi a ma'auni.

Tsauni ne ko ganuwa?

Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce abu ne mai rauni da aka sha wahala kafin a kama. Amma tun zamanin Rappoport akwai wani abu da bai zauna daidai ba. Idan ya zuba ƙarin gishirin buromin a cikin ruwan, sai sauyin ya rage sauri. Ma'anar haka ita ce katiyon ɗin, bayan ya samu, yana daɗewa har ya tsallake dubban ƙwayoyin ruwan da ke kewaye da shi ya koma ga buromin. Abin da ke cikin matsanancin hali ba ya zaɓe, duk wanda ya fara taɓa shi da shi zai haɗu. Wannan kuwa yana zaɓe. An kuma lura cewa ta hanya ta biyu, wato ƙara furoton ga ɗauri uku a cikin ruwan asid, sau da yawa saurin bai bambanta sosai da na ɗauri biyu ba, alhali da katiyon binil ya yi tsadar da ake faɗa, da tazarar ta yi faɗi.

Herbert Mayr da abokan aikinsa a Munik, ciki har da Shinjiro Kobayashi, suka warware wannan a 2017. Suna harba walƙiyar leza ta ɗan lokaci ƙanƙani ta fizge buromin, katiyon ya samu nan take, sannan su bi yadda launinsa ke dushewa yayin da yake haɗuwa da abin da aka zuba masa. Suka kwatanta da katiyon na yau da kullum. Sai ga shi katiyon binil yana da nawa wajen haɗuwa, fiye da yadda ƙarfin da ke cikinsa ya kamata ya sa.

A ɗauki garuruwa biyu. Ɗaya yana kan tsauni: hawansa da wuya, amma saukowa ko ba ka so za ka gangaro. Ɗayan yana kan ɗan tudu ne kawai, sai dai an kewaye shi da ganuwa mai tsayi: shiga da wuya, fita ma da wuya. Wanda ke tsaye a waje yana ƙirga masu shiga zai ga kaɗan ne a duka biyun, ba zai iya bambance su ba sai ya ga yadda ake fita. Shekaru da dama masana suna ƙirga masu shiga ne kawai, suka ɗauka tsauni ne. Ganuwar a nan ita ce sauyin siffa: kafin katiyon ya samu sai kabon ya tashi daga lanƙwashe ya miƙe, kafin ya haɗu da wani kuma sai ya sake lanƙwasawa, kuma kowanne yana cin ƙarfi.

Kada a wuce gona da iri. Ƙaramin nan na asitilin da wanda aka matse a zobe mai shida, su kam a kan tsauni suke da gaske. Amma hukuncin da aka yi wa dangin gaba ɗaya daga kwalbar azurfa ya yi gaggawa, kuma har yau akwai littattafan makaranta da ke maimaita shi ba gyara.

Sa shi aiki

Sinadaran da ke cikin fetur da kananzir, waɗanda kabon da haidurojin ne zalla, suna da wuyar sarrafawa. Suna ci da wuta, amma ka ce za ka cire haidurojin guda ka ɗaura wani abu a gurbinsa, aiki ne ja. A 2018 Hosea Nelson da ɗalibansa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis, tare da Kendall Houk, suka ɗauko tirifilet ɗin zobe mai shida, wanda ya ba su Stang wahala. Suka sa silikon mai caji ya fizge tirifilet, da kaboren a gefe don kada a sami mai kashe katiyon, kuma ba su ba shi komai a kusa ba sai saikuloheksen, wanda shi ma zobe ne, ruwan da aka saba ɗauka ba ya taɓuwa. Katiyon da aka hana miƙewa ya kutsa tsakanin kabon da haidurojin na saikuloheksen, zobe biyu suka haɗe, a zafin da bai wuce na ɗaki da yawa ba. Matthias Brewer a Jami'ar Vermont ya sami irin wannan kutse ta hanyar sinadaran da ke sakin iskar naitirojin. A 2022 kuma, bayan Nelson ya koma Caltech, suka nuna ana iya juya akalar kutsen ya ba da siffar dama ko ta hagu yadda ake so, abin da masu haɗa magunguna ba sa wasa da shi.

Mun ga zobe mai shida yana wahalar da katiyon, mai biyar ya hana shi samuwa. To yaya za a yi idan zoben na benzin ne kansa, wanda ba shi da ko ɗan sassauci, aka fizge masa maƙwabci ɗaya? Babi na gaba zai duba wannan katiyon, kuma zai fara ne daga gishirin dayazoniyom da Peter Griess ya gano a 1858, wanda daga gare shi ake haɗa da yawa daga cikin rinin ja da ruwan ɗorawa da ake buga yadi da su.